Kambas ɗin Janairu: yadda za ka fara motsa jiki, ka kuma ɗore

Akwai wani farin kambas da ya shekara biyu a ƙarƙashin gadona, har ƙura ta mai da shi ruwan ƙasa. A wurin 'yan gwanjo na saye shi, ƙarshen wata Disamba, da niyyar daga 1 ga Janairu tumbin nan sai ya gane kurensa. Ranar kuwa na cika alkawari. Ana idar da sallar Asuba na nufi filin makarantar firamaren unguwarmu, na tarar da samari suna zagaye, na faɗa cikinsu ko ɗumama jiki ban yi ba. Na haura arba'in a lokacin, rabona da gudu kuma tun ina sakandare. Zagaye shida na yi, don kada yara su raina ni. Washegari da ɗan dama-dama. A kwana na biyu ne jiki ya yi tsami na gaske: ruku'u ya gagara, a zaune na yi sallah, tsuguno kuwa ba a magana. Maiɗakina ta shigo da kofin koko tana danne dariya, ta ce, "Malam, yau ba za a je filin ba ne?" Ban koma ba sai bayan shekara biyu, kuma da na koma ɗin ba da gudu na fara ba.

Na daɗe ina ɗora wa kasala laifi. Daga baya na gane ba ita ba ce. Mutumin da ke tashi ƙarfe biyar na asuba kullum, sanyi ko zafi, wanda ya yi azumin wata guda cur a tsakiyar zafin Afrilu, ba za a kira shi rago ba. Tsari ne babu. Na fara daga inda ya kamata in ƙare, ban ware wa abin lokacinsa ba, kuma ban yi tanadin abubuwan da kowa ya san suna tafe ba: hazo, azumi, zafin bazara, ruwan damina, biki, rasuwa, zazzaɓi. Ga hanyar da na bi a karo na biyu, wadda ta riƙe ni har yau.

Kafin ka ɗaura takalmi

Je ka a auna maka jini tukuna. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya shekaru da shi yana cewa garau yake. Asibitin unguwa da yawancin manyan kemis suna da na'urar, aikin minti kaɗan ne. Ka zauna ka huta minti biyar kafin a ɗaura maka, kuma kada ka ci goro ko ka sha shayi mai kauri ko taba rabin awa kafin awon. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, amma in an auna a ranaku daban-daban ana samun 140/90 ko fiye, ka ga likita. In ya kai 180/110, ajiye zancen motsa jiki gaba ɗaya sai likita ya ba ka izini. Wanda kuma yake shan maganin hawan jini, kada ya ajiye shi don ya fara tattaki. Likita ne zai rage, in lokacin ragewa ya yi.

In akwai mai ciwon suga a danginku, ko kana yawan ƙishirwa da tashi fitsari cikin dare, a duba maka suga da safe kafin ka ci komai. Wata na'urar takan nuna 7.0, wata 126, duk abu ɗaya suke nufi, kuma daga nan zuwa sama ba na wasa ba ne.

Sai awon da ba ya cin ko sisi. Samo igiya ko zare mai kauri, ka tsaya a jikin bango a yanko maka daidai tsawonka. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya, ban da shanye ciki. In bakin ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen cikinka ya wuce kima, domin ƙa'idar ita ce zagayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Na fi yarda da wannan igiyar a kan sikeli. Sikeli na iya tsayawa wuri ɗaya wata biyu alhali wando ya fara sako-sako. Rataye ta a ƙusa, za ka neme ta ƙarshen kowane wata.

Akwai waɗanda ba za su fara ba sai sun yi shawara da likita: mai jin ƙirjinsa na ɗaurewa in ya hau bene, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai asma, mai sikila, mai allurar insulin ko shan maganin suga, mai juna biyu, da wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa. Ba hana su ake yi ba. Yawancinsu ma sun fi kowa buƙatar abin, gwargwado ne ya bambanta.

Nawa ne ya isa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan a ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Raba 150 gida biyar, ka ga minti 30 ke nan a rana, kwana biyar. Can za mu je, amma ba daga can za mu tashi ba.

Matsakaici kuma yana da alama mai sauƙi. In kana tafiya kana iya magana da na kusa da kai amma ba za ka iya rera waƙa ko jan karatu ba, kana daidai. In kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. In kuwa kana tafe kana latsa waya kana gaisawa da kowa, wannan yawo ne. Tafiyar da ake nufi ita ce irin ta wanda ya ji an tayar da iƙama yana nesa da masallaci, wajen taku 100 a minti ɗaya.

Za ka ji ana cewa dole sai taku dubu goma a rana. Wannan adadi daga talla ya samo asali: a 1965 wani kamfani a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku, ya sa mata suna mai ma'anar "ma'aunin taku dubu goma", lambar ta bi duniya. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard sun bi diddigin dubban tsofaffin mata a Amurka, suka ga masu taku wajen 4,400 a rana mutuwa ta yi ƙasa a cikinsu idan aka gwada da masu 2,700, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 kafin ya daidaita. Saboda haka in wayarka ta nuna 5,000 kada ka ce ka yi asara.

Ɗaure shi a jikin abin da ba ka fashi

Nan ne gaba ɗaya maganar take, kuma nan ne na faɗi a karon farko. "Zan riƙa motsa jiki" ba shiri ba ne, fata ne. Shiri shi ne: "In na fito daga sallar Asuba, ba zan shiga gida ba, zan miƙe har gidan man bakin titi in juyo." Ga lokaci, ga wuri, ga iyaka. Ba ka bar wa zuciya ƙofar ciniki ba.

Mu da muke sallah sau biyar muna da gatan da masu rubuta irin wannan shawara a ƙasashen Turai suke wahalar ƙirƙiro wa mutanensu: turaku biyar kafaffu a kowace rana, ba sa gusawa don kasala ko yanayi. Ɗaure akuyarka kawai za ka yi a jikin ɗaya. Ni Asuba na zaɓa, domin na riga na tashi, na riga na fita, na riga na sha sanyin alwala, mafi wuyar aikin ya wuce. Abin da na ƙara shi ne in tafi masallaci da kambas maimakon silifas. Ranar da na manta na zura silifas, to ranar gida nake komawa in kwanta, na gwada ya fi a ƙirga. Shi ya sa tun dare nake ajiye kambas ɗin a bakin ƙofa, silifas ɗin kuma in tura shi bayan randa.

Wanda asuba ba ta yi masa ba, La'asar na nan, ko bayan Isha'i. Ɗan kasuwa na iya sauka daga adaidaita-sahu tun da sauran tafiyar minti goma zuwa rumfarsa, ya rage kuɗin mota ya kuma samu rabonsa. Ma'aikacin ofis ya daina aiken masinja sayo abinci, ya taka da kansa, ya hau bene da ƙafa. Wanda ba Musulmi ba shi ma yana da turakunsa: addu'ar safe, kai yara makaranta, tashi daga aiki. Abin lura shi ne turken ya zama abin da kake yi ko kana so ko ba ka so.

Kada ka yarda da zancen cewa kwana 21 ke kafa ɗabi'a. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ita da abokan aikinta sun bi mutum 96 da kowannensu ya ɗauki sabuwar ɗabi'a guda, suka wallafa sakamakon a 2009. A tsaka-tsaki sai da aka yi kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Ɗabi'un motsa jiki sun fi jinkirin kamawa a kan irin su shan ruwa bayan cin abinci. Wato in ka kai ƙarshen Janairu har yanzu da ƙyar kake jan ƙafa, ba abin da ya lalace, haka abin yake. Mu ma mun taso muna jin hadisin Nana A'isha, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A kan ibada aka faɗe shi, amma jiki ma da wannan ƙa'idar yake tafiya.

Maganar tsaro ba a tsallake ta. A garuruwa irin su Kano kowa ya san masu ƙwacen waya da duku-duku suke aiki. Bar wayar a gida, agogon hannu ya ishe ka. In layinku ba fitila, zauna ka yi azkar har gari ya fara wayewa. A bakin titi ka bi gefen hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa, da riga mai haske. Ku biyu ko uku ya fi, ba don tsaro kaɗai ba: ranar da zuciyarka ta mutu, kunyar maƙwabcin da ke tsaye a ƙofar gida yana jiranka ita za ta fito da kai.

Ke kuma uwargida, na san yawancin wannan bayani kamar da maza ake. Iyayenmu mata ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin daka da surfe da niƙa da jan guga a rijiya sun ishe su. Yau inji ya karɓi daka, famfo ya karɓi guga, zama ya ƙaru, ciwon gwiwa da ƙiba suka biyo baya. Shara da wanki aiki ne, amma sau da yawa ba sa sa numfashi ya ɗaga yadda ake so. Tsakar gida ta isa. Ki zagaya ta da sauri na minti goma kafin ruwan tuwo ya tafasa, ko ki tsaya wuri ɗaya kina ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai fareti. Rakiyar yara Islamiyya da ɗauko su ma lissafi ne, in da sauri aka yi. Tsallen igiya na da kyau, amma ba ga mai nauyin jiki ko ciwon gwiwa ko mai jego ba. Maza kuma, maimakon a riƙa yi mata gorin ta yi ƙiba, a fita tare bayan Isha'i a zagaya unguwa. Hirar da ba a samu yi a gaban yara ba ma a nan ake yin ta.

Matakala

Mako biyun farko, minti goma kacal, kwana biyar a mako. Biyar tafiya, biyar dawowa. Za ka ji kamar wasa ne, za ka so ka ƙara. Kada ka ƙara. A waɗannan kwanakin ba zuciya da huhu kake horarwa ba, fita kake koya wa kanka. Ka dawo gida da sauran marmari, shi zai fito da kai gobe.

Mako na uku da na huɗu ka kai minti 15. Daga nan kowane mako biyu ka ƙara biyar, sai ka ga a mako na tara ka kama minti 30. Minti uku na farko a hankali, jiki ya ɗumama, minti uku na ƙarshe ma a hankali, sannan ka yi miƙa: ka dafa bango ka miƙe sha-raɓa, ka kama ƙafa ta baya ka ja cinya. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko tsawo ko sauri. In makon ya yi maka nauyi, maimaita shi, ba jarrabawa ba ce.

Gudu ba dole ba ne. Mutum na iya ƙare rayuwarsa da tafiya mai sauri ya samu kusan duk abin da ake nema. In dai kana sha'awa, bari sai ka yi wata guda kana minti 30 ba wahala, sannan ka fara cakuɗawa: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau shida zuwa takwas. Fili mai ƙasa ya fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Mai son hawa kuma, in a Kano yake, matakalar Dutsen Dala sau ɗaya a mako za ta gaya masa gaskiyar inda ya kai.

Daga mako na uku ka shigo da ƙarfafa tsoka, kwana biyu da ba sa jere, misali Talata da Asabar. Mutane sukan raina wannan, suna ganin na samarin da ke ɗaga siminti a gwangwanin fenti ne. Alhali tun daga wajen shekara 30 tsoka ke fara zaizayewa a hankali, kuma ita ce ke shanye kaso mafi yawa na sukarin da ke jini bayan an ci abinci. Ita ce kuma za ta sa ka tashi daga sujada kana ɗan saba'in ba tare da dafa ƙasa ba. Kayan aikin duk suna gidanka. Zauna a kujera ka miƙe ba dafawa, sau goma. Tsaya nesa da bango taku ɗaya, ka dafa shi da tafuka, ka kai ƙirji kusa ka turo kanka baya, sau goma. In ya yi sauƙi ka koma dafa benci, daga baya ƙasa. Kwanta rigingine a tabarma, ka tanƙwashe gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu sama ka sauke, sau goma, wannan na taimakon masu ciwon baya na yawan zama. Sai ka cika galan biyu da ruwa, ɗaya a kowane hannu, ka yi taku 30 da su kafaɗa a miƙe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ga kana iya auna nauyin da kanka, daga galan mai lita huɗu har ranar da za ka iya da jarka. Ka zagaya su duka sau biyu, minti 15 ya ishe ka. Kada ka riƙe numfashi lokacin yunƙuri, yana harba jini sama; ka fesar da iska yayin da kake turawa ko ɗagawa.

Dattawan da suka kai 65 ana so su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako, saboda faɗuwa. Mai sauƙi shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, lokacin asuwaki ma ya isa.

Ka bambance tsamin jiki da ciwo. Tsami a tsoka yake, yakan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon aiki, kuma tafiya a hankali na rage shi. Suka a cikin gwiwa ko idon sawu, ko kumburi, wannan hutu yake so. Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu-duhu, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, asibiti ne kai tsaye. Kuma don Allah kada a mai da haɗin ƙwayoyin kemis abokin atisaye. Magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, in aka ɗore da su, suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Shekara ba Janairu kaɗai ba ce

Da hunturu za ka fara, kuma lokaci ne mai daɗin tafiya, ban da ƙura. Ranar da hazo ya sauka har ba ka hango ƙarshen layi, yi naka a cikin gida, ko ka ɗage zuwa La'asar in ya washe. Mai asma ya fita da abin shaƙarsa a aljihu da takunkumi a hanci. Mai sikila ya guji sanyin asuba, ya jira rana ta ɗaga, ya sha ruwa sosai, kada kuma ya kai kansa ga haki. Sanyi na ɓoye ƙishirwa alhali busasshiyar iska na tsotse ruwan jiki, saboda haka a sha ko ba a ji ba. Man kaɗanya a dugadugai kafin a sa safa yana hana kaushi ya tsage.

Sai babban gwaji. A 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauki azumi, kuma kowace shekara yana jawowa baya da kwana 10 ko 11. Ma'ana, a 'yan shekarun nan duk wanda ya fara a Janairu, azumi zai riske shi tun ɗabi'ar ba ta yi ƙwari ba. A nan yawancin niyyoyin sabuwar shekara ke mutuwa a ƙasarmu, a ce "sai bayan Sallah", bayan Sallar kuma ba ya zuwa. Dabarar ita ce a rage, kada a yanke. Raba abin da kake yi biyu. Tafiyar bayan Asuba ka mai da ita minti 15 kafin Magariba, a hankali, yadda kana dawowa ana kiran sallah ka sha ruwa. Ko ka zaɓi masallacin asham ko wurin tafsiri mai ɗan nisa ka riƙa zuwa a ƙafa. Ƙarfafa tsoka sai bayan asham, abinci ya faɗa. A goman ƙarshe, da tahajjud ke cinye barci, minti goma ya wadatar, don dai igiyar kada ta tsinke. Tun kafin a ga wata ka rubuta ranar komowa cikakke a kalanda, kwana uku bayan Sallah. Mai ciwon suga da ke azumi kada ya yi atisaye da yamma da bakin azumi sai da shawarar likitansa, domin sugan na iya faɗuwa warwas.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai. A lokacin, ko dai kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan ta faɗi. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce: sha ɗaya kafin ka fita, ɗaya in ka dawo. Fitsari ne ma'auninka, in ya yi ja kamar shayi ruwa ya yi ƙaranci. Masu naɗa leda a ciki ko sa rigar sanyi don su yi gumi, ruwa kawai suke zubarwa, kitse na nan daram, ƙoda ce ke shan wahala.

Damina ba ta da wuya in akwai shirin ko-ta-kwana: fareti a falo, hawa da sauka a dakali ko matakalar bene. Wanda ke noma da hannunsa kuwa, huɗa da noma sun biya masa, kada ya ƙara komai.

Abin da ke shiga baki

Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa ita ce motsa jiki shi kaɗai ba ya rage ƙiba sosai. Tafiyar minti 30 da kwalbar lemo ɗaya kusan kunnen doki suke yi. Yana gyara jini da suga da barci da walwala ko nauyi bai motsa ba, amma tumbi a kwano ake rage shi. Atisayen ciki ma ba ya narkar da kitsen ciki, jiki ne ke zaɓar inda zai ɗiba. Shayin rage tumbi da ake tallarsa a Facebook da WhatsApp kuwa, da yawansa zawo da fitsari kawai yake sa ka.

Kada ka sauya komai a wata ɗaya. Fara da sukari, shi ya fi saurin biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a rana, in ya tsaya a shida ya fi. Ka tsaya ka ƙirga wanda mai shayi ke zuba maka, ka haɗa da na koko da na fura da na zoɓo, za ka sha mamaki. Ni da na ce wa namu ya rage rabi, kallona ya yi ya ce, "Yallaɓai, lafiya dai?" Mako biyu shayin ya yi min lami, daga baya na tsohon ma'auni ya koma yi min kamar zuma. Lemon kwalba ya zama na ranar biki.

In wannan ya zauna, sai gishiri. Iyakar ita ce ƙasa da giram biyar a rana, kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da burodi da taliyar 'yan yara da yajin tsire. Dunƙule yawancinsa gishiri ne, mu kuma mukan jefa shi sannan mu ƙara gishiri a kai. A rage guda ɗaya a tukunya, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da masoro, ba wanda zai lura a gidan. Tuwo kuma ba abokin gaba ba ne, yawansa ne. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya da rabi, ya cike gurbin da miyar ganye, ko kwaɗon zogale ko na rama, ko wake. Hunturu lokacin arahar karas da kabeji da latas da tumatir ne, a ci rabo. Tattakin minti goma bayan tuwon dare yana rage tashin suga, ya kuma fi kwanciya da ciki a cike.

Barci kuwa lissafi ne mai sauƙi. Baligi na son awa bakwai ko fiye. Mai tashi ƙarfe biyar, ƙarfe goma ya kamata ta same shi a kwance. Majalisa da waya ke cinye wannan, musamman in an kawo wuta cikin dare. Sa wayar caji nesa da gado. In bai cika ba, ƙailular minti 20 zuwa 30 bayan Azahar na ragewa.

Ranar da ka yi fashi

Za ka yi, babu makawa. Samo kalandar bango, irin wadda ake rabawa kyauta a farkon shekara, ka rataye inda kake gani, duk ranar da ka fita ka soke ta da biro. Binciken Landan ɗin nan ya nuna fashin rana ɗaya ba ya rushe ɗabi'a. Abin da ke rushe ta shi ne rana ɗaya ta zama uku, uku ta zama mako. Ƙa'idata ita ce kada gurbi biyu su jeru babu biro. Ranar da ba na jin yi sam, nakan ce wa kaina minti biyar kawai, zuwa bakin layi in dawo. Sau da yawa in na kai bakin layin sai in zarce. Wani lokaci kuma juyowa nake yi da gaske, in soke ranar duk da haka.

In tafiya ko zaman makoki ko hidimar biki ta ɗauke ka ƙasa da mako guda, ci gaba daga inda ka tsaya. In ta kai mako biyu ko fiye, koma rabin abin da kake yi, ka hau a cikin mako biyu. Bayan zazzaɓin cizon sauro ko taifod, kada ka fita sai ka gama shan magani, zazzaɓin ya sauka, abinci ya dawo maka da daɗi, sannan ka fara daga minti goma kamar ranar farko.